Yadda Na Sayar da Sunan Maigidana

Ni ba a gidan ɓarayi na tashi ba. Mahaifina masunci ne a wani ƙauye kusa da Guri. Da na gama sakandare, shi ya kama hannuna ya kawo ni Haɗeja wurin Baba Sale, mai gyaran injin ban ruwa. Shekara takwas na yi a rumfarsa, har na kai inda manomi zai tayar da injinsa, daga jin ƙarar kawai in gaya masa abin da ya lalace. Ranar da aka yaye ni, Baba Sale ya yi mini addu'a, ya rubuta takarda da hannunsa cewa na ƙware, ya buga mata hatiminsa. Ba ya buga hatimin nan sai ga wanda ya yarda da aikinsa, kuma duk manoman fadama sun san haka.

Wata babbar gonar shinkafa ta nemi mai kula da injuna, na kai takardata. Ma'aikacin gonar ya riƙe ta da yatsu biyu kamar tsumman mai, ya ce, "Ina difloma?" Suka ɗauki wani mai difloma, shi kuwa a ɓoye yake kawo mini injunan in gyara masa. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na kai ƙara wurin Baba Sale, ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Hannunka ba zai ɓoyu ba." Ni kuwa a lokacin haƙuri ba ya cikin kayana.

Wani abokina mai shagon kwamfuta ya nuna mini yadda ake goge suna a kan difloma a sa wani. Na yi wa kaina ɗaya, na sami aiki da ita a wata gonar. Ba wanda ya gane, kuma wannan shi ne ya cuce ni. Na yi wa mutum biyu, na yi wa biyar, har aka san ni da sanin hanyar takardu.

Ana nan sai abubuwa suka canza. Aka fara raba wa manoma injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, masu ba da kwangilar kafawa suka ce ba sai da difloma ba, shaidar ƙwararren maigida ta isa. Abin da na yi ta kuka a kansa ke nan, ga shi ya zo har gida. Maimakon in yi murna, sai na hango kasuwa. Na ɗauko takardar da aka yaye ni da ita, na sa aka sassaƙa mini hatimi irin na Baba Sale sak. Na riƙa sayar da shaidarsa ga mutanen da ba su taɓa riƙe sifana ko wani kayan gyara ba.

Cikinsu akwai wani mai sayar da kayan waya a tasha. Da takardar da na sayar masa ya sami aikin kafa injin wani manomi, Malam Haruna. Ya haɗa wayoyin yadda ya ga dama, ya bar wata a tsirara. Malam Haruna yana tsaye cikin ruwan shinkafarsa ya taɓa injin. A nan aka tsinci gawarsa. Ya bar mata da 'ya'ya biyar.

Da aka bi takarda, hatimin Baba Sale aka gani, shi aka kama. Dattijo mai furfura ya yi mako uku a tsare yana rantsuwa bai san mutumin ba. Ni ina gari, ina jin labari, na yi gum. Har ziyara na kai masa, ya ce, "Ka taya ni addu'a Allah ya tona wanda ya yi mini haka." Na ce amin da bakina. Duk abin da na aikata, ba wanda ke hana ni sukuni kamar wannan amin ɗin.

Mai sayar da kayan wayar ne ya ambaci sunana. Aka samu hatimin a ɗakina, alƙali ya ba ni shekara huɗu. A gidan yari na ji cewa masu kwangila sun daina karɓar duk takardar da ke ɗauke da hatimin Baba Sale, don ba sa iya bambance ta gaske da tawa.

Da na fito, na je wurin Baba Sale. Rumfar tana rufe. Na same shi a zaure, ya rame, na durƙusa ina kuka. Ya ce, "Tsarewar da aka yi mini na yafe, duniya da lahira. Amma mutum goma sha ɗaya na yaye da gaskiya, yau takardarsu ba ta da amfani. Su da marayun Haruna, ba ni da ikon yafe maka haƙƙinsu. Tashi ka je."

Na tuba ga Allah, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yafe, wasu sun juya mini baya, ban kuma ga laifinsu ba.

Ku matasa masu sana'a a hannu, na san zafin a raina ku saboda takarda. Amma yanzu ana fara duba abin da hannu ya iya, kuma shaidar maigida gaskiyarsa ce kaɗai ke riƙe da ita. Ku je a gwada ku, ku karɓi taku ta halal. Kada ku saya, kada ku sayar. Ni yau ina iya gyara kowane inji a fadamar nan, amma duk Haɗeja ba mai sa mini hannu a takarda.