Yatsu Huɗu a Ƙarƙashin Gwiwa

Ina shanya a bayan ɗaki wayar ta yi ƙara. Mai horar da 'yata wasa ne. Ya ce, "Mama, kada hankalinki ya tashi, Bahaguwa ta faɗi a fili, muna asibiti." Wata bakwai ke nan da rasuwar babanta. Na bar wankin a bokiti na fita, sai a cikin mota na lura takalmin wanka ne a ƙafata.

Bahaguwa autata ce. Babanta ne ya sa mata sunan, don da hagu take komai. Shi mai gadi ne a wani filin wasa. Tun tana shekara takwas in ta kai masa abinci sai ta tsaya tana dukan ƙwallo a bango da wani tsohon raket da aka jefar. Da haka har jami'a ta ɗauke ta tana buga mata tanis. A shekararta ta biyu babu wadda ke gabanta cikin 'yan matan. Ni har yau ban gane ƙa'idar wasan ba. Babanta ne mai zuwa kallo, in ya dawo ya ɗauki tsintsiya ya tsaya tsakar ɗaki yana kwatanta mini.

Jijiyar gwiwarta ta dama ce ta tsinke. Aka yi tiyata, aka sallame mu, aka ce mu riƙa zuwa sashen gashin ƙashi sau uku a mako. A can na san matar da nake wannan rubutu dominta. Na ji ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya. Hannuna bai saba da biro ba, amma ba zan iya yin shiru ba.

Anti Miƙe ake ce mata, don kalmar ba ta barin bakinta. Gajeriya ce, da tabarau rataye a wuya. Tana riga masu shara zuwa. Za ta buɗe tagogi, ta goge gadaje shida da ke ɗakin, ta naɗe tawul-tawul ta jera. Ba ta taɓa jikin kowa sai ta murza tafukanta sun yi ɗumi. Wani magini da ya faɗo daga bene ya gaya mini wata biyar tana koya masa riƙe cokali, ranar da ya iya ta sa kowa a ɗakin ya tsaya ya kalla.

Akwai abin awo a aljihunta, amma ni da yatsu take nuna mini. Za ta kwantar da Bahaguwa, ta zura hannu ƙarƙashin gwiwar. Makon farko yatsu huɗu suka shige. Mako na uku ma huɗu. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Maman Bahaguwa, yaya take kwanciya a gida?"

Na amsa har da alfahari. Na ce ina tusa mata matashi ƙarƙashin gwiwar, don in ta ɗan lanƙwashe zafin yana sauƙi. Na ce na babanta ne ma, ba na bari kowa ya taɓa shi sai ita.

Ta bar yarinyar a kan gado. Ta ja ni benci a waje, inda yarinyar ba za ta ji ba. Ta ce gwiwa yadda aka ajiye ta haka take warkewa, in a lanƙwashe ne, a lanƙwashe za ta ƙage. Saura mako uku likita ya duba. In ba ta miƙe ba, sai an koma ɗakin tiyata, bayan nan kuma babu mai cewa za ta sake gudu. Na ji kamar ni ce na kayar da 'yata a filin.

Ta ce, "Share hawayenki. Kusan shekara talatin ina faɗa da iyaye mata a kan matashi, ke ba ta farko ba ce. Na babanta ki mayar da shi ƙarƙashin kanta, can ne wurinsa. Ƙafa kuma ga nata."

Ta ba ni tawul a naɗe. A sa shi ƙarƙashin dunduniya, gwiwa ta rataya babu abin da ke tallafe da ita, ni kuma in ɗora tafi a cinya in danna a hankali, in ƙirga talatin. Safe, rana da yamma.

Kwana huɗu na yi. A na biyar Bahaguwa ta dube ni tana kuka ta ce, "Da Baba na nan da bai yi mini haka ba." Na ɗauke hannuna. Na daina, muka kuma ƙi zuwa asibiti.

Anti Miƙe, ranar Asabar da hantsi, ranar hutunki, sai ga ki a ƙofar gidanmu. Ke ce kika nemo adireshinmu a kati, kika hau mota biyu. Ba ki yi wa kowa faɗa ba. Kika zauna bakin gado, kika sa tawul ƙarƙashin ƙafar, kina murza hannu, kika ce, "Ni dai an ce mini mai gidan nan da tsintsiya yake buga tanis. Maman Bahaguwa, nuna mini."

Kunya ta kama ni, amma na ɗauki tsintsiyar. Na kai hannu sama na kawo ƙasa.

Bahaguwa ta ce, "Inna, wannan ai korar kaji kike yi. Da hagu yake yi, don ya kwaikwaye ni. Har da ƙugi."

Na koma hagu, na yi ƙugin. Ta tuntsire da dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin mu rasa shi. Tana dariya, hannunki na kan cinyarta yana dannawa, bakinki na ƙirga a hankali. Da kika kai talatin kika ce, "To, 'yar Baba, kin ga ba ki mutu ba. Inna, zo ki karɓa."

Ran nan yatsu uku suka shige ƙarƙashin gwiwar. Bayan kwana shida, biyu. Ranar ganin likita kika yagi takarda kika gwada zura ta ƙarƙashin gwiwar, ta ƙi shiga. Kika miƙa mini ita. Tana nan cikin akwatina.

Sauran aikin ya ɗauki wata goma: keke, matakala, tsalle da ƙafa ɗaya, gudu a hankali. Ranar da ta koma fili, ranar na fara zuwa kallo a rayuwata. Anti Miƙe na gefena. Aka cinye Bahaguwa. Na ce, "Kash, an ci ta." Ta ce, "Ke kina kallon ƙwallo ne? Ni ƙafar nake kallo. Sau arba'in ta juya a kanta, ko ɗingishi babu." A shekararta ta ƙarshe wasannin da ta ci sun fi waɗanda aka ci ta yawa. Aka kira sunanta da na mai horarwa aka tafa. Ba wanda ya kira na matar nan.

To ni na kira. Anti Miƙe, mai hannu da ɗumi, na gode. Kin miƙe ƙafar 'yata, kuma ba ki bar ni da laifin a wuya ba. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki. Masu shigowa aikin a bayanta, ku koyi tambayar yadda mara lafiya ke kwanciya a gida, ku kuma ja uwa gefe kafin ku gaya mata kuskurenta. Iyaye mata 'yan'uwana, in an hana ku matashi, ku ji.

Bahaguwa ta gama karatu, tana koya wa 'yan mata wasan a wani gari. Ni kaɗai ce a ɗakin yanzu. Kullum da safe in na gyara gado, nakan ajiye matashin babanta a wajen kai. Sai in naɗe tawul ɗin in ajiye a wajen ƙafa, in ɗora dunduniyata a kai, in ƙirga talatin, sannan in tashi in ɗora ruwa.