Yaron da Na Kai Bawku

'Yata ta biyu nas ce. Haka lasisinta ya ce. Amma shekarun da suka biyo bayan lasisin a kemis ɗin wani maƙwabcinmu ta yi su a Salaga, tana zuba wa mutane ƙwayar ciwon kai a leda. Ta yi karatun jinya a Yendi, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo gida jiran fostin, wato ranar da gwamnati za ta ce ga asibitinki. Kullum da safe sai ta duba waya. Kullum babu.

Ni a firamare na tsaya, na bi babana cinikin doya da hatsi. Kakanninmu fataken goro ne, mu kuwa abin da ya rage mana sunan gida ne da Hausa mai kyau. Amma ba sai da boko za ka gane mutum yana lalacewa a gabanka ba. Rigar aikinta tana rataye a bayan ƙofa, ta daina goge ta. 'Yan unguwa da suke kiranta nas da girmamawa suka koma faɗar kalmar da wata irin murya. Wata rana na ji tana gaya wa uwarta hannunta ya fara manta neman jijiya. Ta ce in damina ta wuce ba a kira ta ba, za ta bi innarta Kumasi sayar da atamfa, ita da asibiti har abada. Na san halinta. In ta faɗa, ta yi.

Na bi manya. Na zauna a benci a ofisoshi har ƙuguna ya ƙage. Kowa ya ce ba daga nan ba ne, daga sama ne, in yi haƙuri. Masu cewa in yi haƙurin, nasu 'ya'yan suna aiki.

Ina da aboki a kasuwar Yendi, mutumin Dagomba, dillalin masara. Hausarsa irin ta zango ce, wadda ba ta san mace ba. Uwarsa ya zo, matarsa ya tafi, akuyarsa ya haihu. Nakan ce masa Hausa za ta kai shi ƙara ranar lahira, shi kuma ya ce da ni jikan goro mai aljihu wayam. Da na kai masa kukana, ya ce ya san wani Alhaji a Bawku, mai cinikin shanu, wanda ɗansa likita ne, suna da ƙaramin asibiti, kuma suna neman nas ruwa a jallo. Nan take ya kira shi a gabana. Bakin abokina kawai nake ji. Ya gama makaranta, yana da lasisi, ya iya aiki. Sai ya saurara, ya yi dariya ya ce, "Yaro ne mana, Alhaji. Yaro ne sosai." Ya kashe waya ya ce mu tafi, aiki ya samu.

Ranar na ga 'yata ta sauko da rigar nan ta goge ta. Uwarta ba ta so ba, don kowa ya san Bawku ba lafiya, ɓangarori biyu na garin suna rigima da juna. Na ce mata ai cikin asibiti za ta zauna, ba a titi ba.

Har Bolga mutane suna hira a mota. Da muka wuce Zebilla sai motar ta yi tsit. Sojoji a hanya, a sauka, a buɗe jaka, a hau. Wani dattijo kusa da ni ya raɗa mini cewa in an tambaye ni wurin wa za ni, in ce asibiti kawai, kada in kama sunan unguwa. Direba ya kashe rediyo. 'Yata ta rungume jakarta a cinya.

Mun sami Alhajin a zaurensa, jikin asibitin. Da ya buɗe baki na ji daɗi, don Hausarsa irin ta gidanmu ce, komai a wurinsa. Muka gaisa, ya tambayi Salaga, ya tambayi farashin doya, aka kawo ruwa. Sannan ya leƙa bayana ya ce, "To Malam, ina yaron?"

Na nuna 'yata. Ya dube ta, ya dube ni, ya ajiye carbi.

Ashe abin da ya tambaya a waya shi ne yaro ne ko yarinya. Abokina kuwa ya ɗauka ana tambayar yaro ne ko tsoho. Alhaji ya ce shi namiji yake nema, don aikin ba na zaman ɗaki ba ne. Babur za a hau da akwatin magani, a bi ƙauyuka ta wajen Tempane, a wanke gyambo, a yi allura, a duba jarirai da tsofaffin da ba sa iya shigowa gari. Namijin da yake yi ya ajiye makullin babur ya gudu, don ko'ina ya bi sai an tare shi an tambaye shi na wane ɓangare ne. Ya ba ni haƙuri, ya ce mu kwana a gidansa tunda dokar hana fita ta kusa, gobe mu kama hanya.

Na fita waje, na kira mutumin Yendi. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Bai ma gane laifinsa ba. Ya ce, "To jikan goro, ba yaro ba ne? Tsoho ne?"

Da na dawo zauren na tarar da 'yata a durƙushe gaban Alhaji, ɗansa likitan yana tsaye da lasisinta a hannu. Ban taɓa jin ta yi magana gaban manya ba sai ranar. Ta ce a Yendi ta zauna, inda mace da goyo take tuƙa babur, kuma da shi ta yi zirga-zirgar makaranta. Sannan ta ƙara da cewa:

"Alhaji, namiji ake tambaya na wane ɓangare ne. Ni mace ce, daga Salaga. Ba ni da kowa a rigimar nan."

Likitan ya yi mata tambayoyin aiki da Turanci, ta amsa. Ya ce wa babansa shi dai ya gaji da neman mai zuwa, watanni ke nan ba wanda ya leƙa ƙauyukan. Sai Alhaji ya juyo gare ni.

"Malam, 'yarka ce. Ba zan ce maka hanyar lafiya lau take ba. In ka ce a'a, magana ta ƙare."

Na tuna motar nan da ta yi tsit. Na tuna na ce wa uwarta cikin asibiti za ta zauna. Na kuma hango ta a Kumasi tana auna wa mata yadi, da hannun da aka koya wa neman jijiya. Ba ta dube ni ba. Ƙasa take kallo, ta riƙe igiyar jakar da rigar take ciki har yatsunta sun ƙage. Masu alhakin ba ta aiki suna can cikin sanyin ofis, ni aka bar wa zaɓi tsakanin wannan da wancan.

Na ce, "Ai an gaya muku yaro ne. Ku ba shi makulli."

Ba wanda ya yi dariya.

Washegari ni kaɗai na hau mota. Uwarta ta daɗe ba ta yi mini magana ba. Mutumin Yendi yana ta yawo a kasuwa yana cewa shi ya samo wa yarona aiki, ni kuwa ban gode masa ba, ban kuma yafe masa ba. Fostin har yau bai fito ba. Mun yi da ita in ta dawo daga ƙauye ta ajiye babur za ta kira. Don haka daga la'asar ba na ciniki. Ko mai saye yana tsaye kan doyata, waya tana tafin hannuna, ina dubawa kamar yadda ita take dubawa da.