Shawarar da Ba Shawara Ba Ce

Shekarar da aka karya darajar sefa, bayan an cire albasa, idon wana ya koma rawaya. Kafin nan ya daɗe yana barin fura a ƙwarya, kuma zariyar wandonsa kullum sai ƙara saura take yi. Ba wanda ya kula, don duk manomin rani yana ramewa.

Inna ta buɗe idonsa da yatsa ta ce shawara ce. A ƙauyenmu, kusa da Tajaye, kowa ya yarda cewa mai shawara in aka yi masa allura, ya tafi ke nan. Saboda haka ba wanda ya kawo zancen likita. Aka haƙo saiwar rawaya, aka hana shi mai da nama, wanzami ya kafa masa ƙaho a baya.

Da farko dariya yake yi, yana cewa ya samu idon mujiya kyauta. Sai ƙaiƙayi ya zo, ya riƙa susa da ɓawon masara har jini. Fitsarinsa kamar shayi. Kwanciya ta gagare shi, sai ya kife turmi ya duƙa a kai, wai haka bayan ke lafawa.

Ruwan shuka ya sauka, ya kasa ɗaga ko kalmen noma. Ranar ya ce mini, "Ƙanena, ɗaura amalanke. In allurar ce ajalina, ta fi turmin nan."

Inna ta bi mu har bakin gari tana roƙon kada mu bari a soke shi.

A babbar likita, asibitin nan na wajen Malbaza, lokotoro ya daɗe yana latsa cikinsa. Ya ce ciwon daji ne a wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, shi ya toshe hanyar ɗaci har ido ya rine. Na tambaya ko da mun zo tun farko da ya warke. Ya ce ko an zo da wuri, kaɗan ke tsira, amma a lokacin, da an gwada yi masa aiki. Yanzu ya bazu.

Suka yi masa allurar rage zafi. Ya kwana biyu yana barci kwance a miƙe. Bai kai girbi ba. Inna ta rayu shekaru bayansa, kuma har ta koma ga Allah cewa take allurar ce.

Mun rasa wana, da garkar albasarsa da aka sayar, da jakin amalanken, da geron damina guda.