Ranar da Genzo Ya Bi Tsakiyar Ƙofa

A garinmu ko yaro ya san tsakiyar jar ƙofar nan da ke tsaye cikin tabki hanyar ubangijin ruwa ce. Mutum gefe yake bi, ya sunkuya. Wanda aka yi wa rasuwa kuwa ba ya kusantarta sai makoki ya ƙare.

Genzo masunci maƙwabcina ne, kuma tun da na san shi bai taɓa sunkuyawa ba. Matarsa Masae ce mai yi. Duk safiya idan kwalekwalensu ya zo daidai ƙofar sai ta ajiye taru ta duƙa, shi kuma ya ce, "Ke, tsohuwa, kifi na gudu kina gaida katako."

Da Masae ta rasu, bai iya zaman gida ba, ya koma ruwa tun makoki bai ƙare ba. Rannan injin kwalekwalensa ya mutu. Yana duƙe a kansa yana zaginsa, iska ta tura kwalekwalen ta tsakiyar ƙofar, da baya ma.

Ranar kuma taru ya cika fal da kifi. Ko ɗaya bai ci ba, ya rabar.

"Na zubar wa Masae da mutunci," ya ce mini. "Duk gaisuwarta ta shekaru na shafe da gindina."

Ya so neman gafara, amma mai makoki ba ya shiga wurin bautar ubangijin ruwa. Sai ya tsaya a bakin titi yana ƙwala wa Tadanori kira, mai kula da wurin, abokinsa tun firamare.

Tadanori ya fito da gishiri a tafin hannu, ya saurara, ya watsa masa a kafaɗa don tsarkakewa.

"Kai, tsohon kwaɗo, ai wannan ne karo na farko da ka duƙa a ƙofar nan. Fuskarka ce kawai ta ɓata hanya."

Genzo bai yi dariya ba. "Ita fa?"

"Ita? Ba ka taɓa lura sau biyu take sunkuyawa ba? Ɗayar taka ce."

Bai taɓa lura ba. Kullum taru yake kallo.

Yanzu idan ya zo daidai ƙofar yakan kashe inji, ya cire hula, ya duƙa sau biyu, bayansa na ƙara. Masunta na ihu, "Baba Genzo, kifi na gudu!"

Ba ya ɗagowa sai ya gama ta biyun.