Saniyar Issa Ba Ta Jira

Ja'afar yana kwance ƙarƙashin motarsa a tashar Dogon Dutsi, yana ɗaure wani ƙarfe da ya saki, wayarsa ta yi ƙara. Ranar Litinin ce, bayan la'asar. Da ya ga lambar amininsa Issa sai ya ɗauka da dariya a baki, yana shirin cewa ya ji, ba sai an maimaita masa ba. Muryar mace ya ji. Madam Samira ce, abokiyar aikin Issa a asibitin Yamai, babban birni. Ta ce Issa ya yanke jiki ya faɗi yana alwalar azahar, kafin a kai shi gado rai ya yi halinsa. Gobe da sassafe za a taso da shi zuwa gida, Dumega.

Ja'afar ya fito daga ƙarƙashin motar, ya kewaye ta, ya sake kewaye ta. Aka ba shi benci, ya zauna, ya miƙe. Direbobi suka taru suna salati. Shi kuwa abu ɗaya ke kai da komo a ransa, har yana jin kunyar kansa: gobe Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ita ce ranar allurar matarsa Zalihatu a Yamai.

Unguwa ɗaya aka haife su a Dumega, shi da Issa, tabarma ɗaya suka zauna a lakwal, makarantar boko. Ja'afar ya tsaya a aji biyar ya bi mota. Issa ya ci gaba da karatu, ya wuce Doso, ya wuce Yamai. Tun yana ƙarami ba a san shi da zama ba. A tsaye yake shan fura. In ana hira bakin masallaci, ƙafarsa ɗaya tana cikin takalmi. Mahaifiyarsa, Inna Marwa, takan ce wata bakwai ya yi a ciki ya gaji da jira.

Allah kuma ya haɗa shi da aikin da ya dace da shi. Shi ba likita ba ne, kullum yana faɗa. Mai haɗa magani ne a wani ɗan ɗaki na labo, bayan gilashi mai kauri, da safar hannu da kwalabe cikin akwatin dalma. A ƙirjinsa akwai wani ɗan abu kamar maɓalli, mai auna hasken da ya shiga jikinsa. In ya zo hutu, mutanen Dumega suka tambaye shi aikinsa, sai ya ce shi makiyayi ne.

"Saniya gare mu," in ji shi. "Tukunyar ƙarfe ce, jirgin sama ke kawo ta. Kullum da safe in tatse ta. Nonon nata ruwa ne mai haske wanda ido ba ya gani. In haɗa shi da maganin da ya san hanyar ƙashi, a yi wa mutum allura, ya bi jini ya je ya lafe inda ciwo yake. Na'ura ta ɗauki hoto, wurin ciwon ya fito baƙi ƙirin. Likitoci masu bincike kuma su kawo sabon haɗi, su ce in ɗora masa hasken mu ga inda zai nufa."

"To mi ya sa kake gudu kamar an biyo ka?"

"Don nonon ba ya kwana. Kowace awa shida rabin ƙarfinsa ya tafi. Ita kanta saniyar kullum ramewa take, 'yan kwanaki ta ƙafe. Sai kuma ranar da jirgi ya kawo wata."

Ja'afar dariya yake yi wa wannan labari, har lokacin da aka sami ƙullutu a nonon Zalihatu. Likita ya ce ciwon daji ne. Ya ce ba zai sa wuƙa ba sai ya ga hoton ƙasusuwanta: in ciwon bai kai can ba, aiki zai yi amfani, in ya kai, wata hanya ce daban. Issa ya sa sunanta, ya ba su rana da sa'a.

Ranar suka tashi da wuri. Suna isa Kore Mairuwa suka ga rumfa da tabarmi a ƙofar gidan wani tsohon direba, wanda ya koya wa Ja'afar tuƙi. Ba'are, mutumin ƙasar nan, ba ya wuce zaman makoki da ƙura. Ja'afar ya tsaya don ya yi fatiha kawai. Aka ce ga gawa nan za a fito da ita. Aka yi salla, aka raka, aka dawo, aka kawo ruwa. Zalihatu tana cikin gida wajen mata, ita ma ba ta ga hanyar tashi ba. Ƙarfe huɗu saura suka shiga Yamai.

Issa yana tsaye bakin ƙofa da rigar aiki. Bai amsa sallama ba. Ya ja Ja'afar zuwa jikin gilashi, ya sa sirinjin cikin ma'auni, ya nuna masa lambar.

"Ka gani? Tun safe na haɗa. Da ka iso kan lokaci da ya isa. Yanzu in na yi mata, hoton toka za a samu. Saniyar kuma yau ce ranarta ta ƙarshe."

"Mutuwa aka yi, Issa."

"Allah shi jiƙan shi. Shi ya riga ya isa inda za shi. Ita fa?"

Mako bakwai suka jira wata saniyar. Cikin makonnin nan Zalihatu ta daina ɗaga tulu da hannun hagu. Issa yana kira kusan kullum, ba gaisuwa mai tsawo, sai "Yaya matarmu? Bayanta na ciwo? Ƙugunta fa?" Ja'afar ya daina iya zama gida. Ya fita tasha, ya dawo, ya sake fita.

Ga shi ranar ta zo, ta haɗu da jana'izar Issa.

Da magariba dattawan tasha suka same shi. Suka ce sun haɗa motoci biyu zuwa Dumega, shi ne zai ja gaba, don shi ne aminin mamaci, shi ya kamata ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya kira Madam Samira, ya tambaya ko za a ɗaga allurar zuwa Alhamis. Ta ce saniyar nan ba za ta kai Alhamis ba, kuma sunan Zalihatu na nan a takardar gobe, da rubutun hannun Issa. Zalihatu da kanta ta ce, "Malam, ka tafi Dumega. Mi mutane za su ce?" Ya fita ya zuba wa motarsa mai.

Ana sallame asuba ya tada mota, Zalihatu na zaune gefensa. A Kore Mairuwa, inda hanyar Tibiri da Dumega ta rabu, ƙafarsa ta sassauta da kanta. Ya ga motocin tasha biyu sun karya hagu, wani ya fiddo hannu yana yafuto shi. Ya danna mai, ya miƙe kwalta zuwa Yamai.

Sun wuce Doso kaɗan ya hango ta: farar mota tana tafe a hankali, fitilunta kunne da rana, wasu biyu na biye. Duk direban hanyar nan ya san ƙa'ida: in gawa za ta wuce, a sauka gefe, a kashe inji, a ɗaga hannu a yi addu'a. Manyan motocin da ke gabansa duk sun sauka. Zalihatu ta kama kuka tana cewa, "Shi ne, Malam, shi ne." Ja'afar ya dubi agogo. Ya kunna fitila sau biyu, yadda yake yi wa Issa in sun haɗu a hanya, ya wuce. Hawaye suka hana shi ganin kwalta sosai, amma bai taka birki ba.

Sha ɗaya saura kwata suka isa. Madam Samira ta fito da sirinji cikin kwanson dalma, idanunta jajur. Bayan allura aka ce su jira awa uku, Zalihatu ta yi ta shan ruwa. Ja'afar ya auna barandar nan da ƙafa har mai gadi ya ce zai cinye simintin. A daidai wannan lokaci ake binne Issa a Dumega.

Da la'asar likita ya juyo musu allo. Ga Zalihatu tsaye, ƙasusuwa zalla, cikin ƙananan ɗigo-ɗigo. Ya bi da alƙalami daga ƙeya zuwa ƙugu zuwa gwiwa. Babu baƙin tabo ko ɗaya. Ya ce mako mai zuwa za a yi aiki.

Sai ranar sadakar uku Ja'afar ya shiga Dumega. Wasu suka amsa gaisuwarsa da gefen baki. Ya durƙusa ƙofar ɗakin Inna Marwa, ya rasa ta inda zai fara. Ita ta riga shi.

"An samu hoton?"

"An samu, Inna. Ƙashi lafiya lau."

"To tashi. Da ka tsaya, da Issa bai kwanta lafiya ba."

A nan ne ya faɗa mata maganarsu ta ƙarshe da Issa, ta ranar Lahadi da hantsi, yana cikin lodin fasinja. Issa ya kira, ba ko sallama.

"Direban makoki, Talata ƙarfe nawa?"

"Sha ɗaya, Malam Gaggawa. Ka faɗa sau goma."

"In ka ga rumfa da tabarmi fa?"

"In rufe ido."

"Ko wa ya mutu?"

"Ko kai ne."

"Yawwa," in ji Issa, yana dariya. "Ni ai ba na jira. Ka gaida matarmu, ka ce ta karya kumallo sosai."