Ragon da na tallata a imel

Jama'a, yau kalma ɗaya ta kawo min baƙo da igiya har ƙofar gida!

Kun san ina tallar bandar kifi ta imel. Jiya na ga taken saƙona ya yi tsawo, sai na rage shi. Maimakon "Ragon ruwa mai maiƙo ya iso Yauri", na tura "Rago mai maiƙo ya iso Yauri". A zatona kowa zai gane kifi nake nufi.

Ɗazu da hantsi sai sallama. Wani dattijo ne daga Shanga, igiya a hannu, a-kori-kura na jiransa.

Ya ce, "Ɗiyata, ina ragon? Jibi sunan jikana."

Na ce, "Wane rago, Baba?"

Ya nuna min wayarsa. Wayyo kunya! Na buɗe masa kwandon kifi, na ce ga ragon nan. Innata kuwa dariya har da hawaye.

Allah ya taimake ni, maƙwabcinmu mai kiwo ya fito da nasa ragon, suka daidaita. Baba ya ce a ɗaure masa kifin ma, na 'yan suna.

Zai shiga mota ya juyo ya ce, "Na gode Allah ba giwan ruwa kika tallata ba. Da wace igiya zan zo?"