Zoben da Baba Ya Zaɓa

Ni ne ɗan fari a gidanmu na Ƙofar Kaura, kuma ɗan fari ba a yi masa fara'a, ba a ma kama sunansa. Alkunya ce, na sani. Sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Shekarar da kuɗin fetur ya sa aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ina malamin ofis, na sayo wa Baba zoben azurfa mai jan dutsen aƙiƙ. Ya karɓa, ya ce Allah ya yi albarka, ya jefa a aljihu. Ban taɓa ganinsa a yatsansa ba.

Da hutu ƙanena ya dawo daga jami'a, inda yake karatun duwatsu. Ya zo da wani ɗan koren dutse kamar ƙwayar gujjiya, ya ajiye a tabarmar Baba a zaure.

"Mi ne wanga kuma?" in ji Baba.

Ƙanena ya ce sunansa afatait. Ya ce an jera duwatsu daga ɗaya zuwa goma gwargwadon tauri, wannan shi ne na biyar, wuƙa tana iya karce shi. Ya ce dangi uku ne, ana bambanta su da ɗan sinadarin da ya shiga jikin kowanne, kuma irinsa ne Allah ya gina haƙora da ƙasusuwanmu da shi. Baba, wanda ko labarin ofishina bai taɓa tsayawa ya ji ba, ya ƙwanƙwasa haƙorinsa da farce yana dariya. Ina gefe ina cika ina batsewa.

Kafin mako ya zagayo, Baba ya sa wani maƙerin azurfa na unguwar Gobarau ya ɗaura dutsen a zobe. Ƙanena da kansa ya ce ba dutsen zobe ba ne, bai da ƙwari. Baba ya sa abinsa.

Baba hatsi yake sayarwa, hannunsa kullum cikin buhu da tiya. Ba a jima ba dutsen ya dusashe, duk ya karce. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kuma samo labari wajen wani abokina malamin gona, na riƙe shi sai ranar da abokan Baba suka cika zaure.

"Baba, wanga dutse hwa, irinshi ake niƙawa a yi takin zamani na sufa. Taki ne a hannunka."

Ya ɗaga yatsan, ya daɗe yana kallo.

"Ashe shi ka ciyar da dawa," ya ce wa abokansa, ba ni ba. "Kun ga yaron nan bai ma hwaɗa mini ba."

Ranar, zoben ya zagaya hannu-hannu, kowa yana sa wa ƙanena albarka. Ni aka aika in kawo ruwa.

Na ci gaba da gaya wa kaina cewa nawa yana adane ne don daraja, ba a son ya lalace a kasuwa. Da wannan na rayu har ranar ɗaurin auren ƙanena. Bayan an shafa fatiha, ango ya miƙo mini hannu yana murmushi, na ga jan aƙiƙ a yatsansa.

"Baba ya ba ni da sahe, Yaya. Ya yi kyau ko?"

Na ce ya yi kyau. Ai ni na zaɓe shi.